Labulen Tante Riet

Shekara arba'in da ɗaya ina shimfiɗa bulon daɓe a titunan garinmu Deventer, gwiwoyina ne shaida. Layinmu ma ni na daɓe shi da hannuna, daga bakin gidan burodi har kwanar coci, kuma har yau babu bulo ɗaya da ya yi rawa. To mutum irina ne wata yarinya ta buga wa ƙofa rana tsaka, wai a zo a tone.

Ilse ce, ma'aikaciyar jinya da ta tare a gida mai lamba tara shekara uku da suka wuce. Ita ce shugabar kwamitin layi. Ita ta kafa kwamitin, ita kuma ta zaɓi kanta.

"Maƙwabci Harm, bulon nan shi ke dafa mu," in ji ta. "Rana ta yini tana dukansa, shi kuma ya rama a kanmu. Za mu cire jeri biyu a gindin kowane bango, mu shuka abin da zai ba mu inuwa. Hukumar gari ta yarda, har mota za ta turo ta kwashe. Ga shi ana gasa tsakanin garuruwa, kada mutanen garin Zwolle su fi mu cirewa."

Na ce, "Mutanen Zwolle su cire har da na ɗakin kwanansu. Ni ina ruwana?"

"Ba don gasar na zo ba. Don Tante Riet na zo."

Riet ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma duk layin Tante, wato gwaggo, muke ce mata. Shekararta tamanin da huɗu, a gidan da ke kallon nawa aka kai ta amarya, kuma tun da na san ta wurin zamanta ɗaya ne: kujerar da ke bakin babbar tagar falo. Daga nan take sanin wanda ya makara, wanda ya yi baƙo, da wanda ya jingina keke inda bai kamata ba. Matsalar ita ce tagar kudu take kallo. A da wannan abin alfahari ne, mutum ya sayi gida mai shan rana. Yanzu kuwa da zafin Yuli ya sauya hali, falon nata ya koma tanda. Bara a kan kujerar ta sume, sai da aka kira motar asibiti.

Ɗanta Floris, wanda ke zaune a can garin Utrecht, ya yi iya yinsa. Ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, ta ce ƙararta ta yi yawa, ta zare wayar ta ɗora tukunyar fure a kai. Ya ce a kafa rumfa a saman taga, ta ce gidanta ba kanti ba ne. Ya ce to ko labule ta riƙa ja da rana. Nan ne ta harare shi.

"Wa ya mutu?" ta tambaye shi.

Kuma gaskiyarta. A layinmu ba a jan labule da rana sai an yi rasuwa. Nata sau ɗaya na taɓa ganinsa a rufe, ranar da mijinta Koos ya cika.

Da Floris ya gaji sai ya buga ƙusa kusa da agogon bango, ya rataye ma'aunin zafi. Ya ce, "Mama, na riga na samo miki ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Duk ranar da na zo na tarar jan layin nan ya haura talatin, kin tashi ke nan. Ba zan jira a kira ni a waya karo na biyu ba." Ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya ishe shi. Amma kowa ya san in aka raba Riet da tagar nan, an gama da ita.

Duk da haka na ce wa Ilse ba da ni ba. Taurin kai ne, ban ɓoye ba.

Wata Asabar a watan Afrilu suka fito da shebur da ƙarfen ɓanɓara. Ina tsaye a tagata da kofin kofi ina kallon yadda suke fasa mini aiki, kowane bulo suka ɗaga sai na ji shi a haƙarƙarina. Suka cire, suka yi tafi, suka ɗauki hoto. Sannan suka tona 'yan ramuka suka dasa tsirran da suka sayo, suka ba su ruwa, kowa ya koma gida yana jin ya ceci duniya.

Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. A ƙarƙashin bulon nan babu ƙasa. Yashin kogi ne wankakke, zurfinsa ya kai tsawon hannu, ni na zuba shi, kuma an zaɓe shi ne musamman don kada ko ciyawa ta fito. Ka zuba masa bokiti goma, kafin ka juya ya shanye. Ina gani suna dasawa a ciki, na kurɓi kofina, ban ce uffan ba.

Mako uku duk suka bushe ƙarmas. Ilse ta riƙa zagayawa tana taɓa ganyen tana cewa ko ruwa ne ya yi kaɗan. Har ta ba ni tausayi, amma ban tanka ba.

Sai Tante Riet ta ƙwanƙwasa gilashin tagarta da zobe, ta yafito ni. Na shiga, ta zuba mini kofi. Ta jawo gwangwanin biskit ɗinta mai hoton jirgin ruwa. Al'adarta kowa ya sani: ta buɗe, ka ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi. Ranar kuwa ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta ajiye a gefen kofinta, ta rufe.

"Harm, kai ka zuba yashin nan."

"Ni ne, Tante."

"Kuma kana tsaye kana kallonsu. Na gan ka. Kofi biyu ka sha."

Shekarata sittin da takwas, amma kunya ta kama ni kamar ɗan makaranta. Ta kalli ma'aunin da ke bango, ta ce a hankali, "Ni dai a nan nake so a zo a ja mini labule, ba a Utrecht ba."

Washegari tun da safe na fito da sheburina. Na fara da gindin tagarta, na kwashe yashin har sai da na ga baƙar ƙasa ta asali. Ilse ta fito za ta tafi aiki ta tsaya tana kallona.

"Maƙwabci Harm, me kake yi haka?"

"Ina gyara shirmenku. Wa ya ce muku ana shuka a yashin daɓe? Ara mini keken nan naki mai akwati."

"Au, da ma ka sani?"

"Za ki ara mini ko kuwa?"

Sawu goma sha ɗaya na yi zuwa lambunan bakin kogi ina ɗauko ƙasa da taki. Kafin mako ya ƙare maza da matan layin sun shigo, ni ne kuma mai ba da umarni, wanda in faɗi gaskiya ya yi mini daɗi. Muka kwashe yashin layin gaba ɗaya. Muka yanke bututun da ke sauko da ruwan rufi, muka kafa durom a gindin kowanne. Gwiwoyina suka yi ta ƙara, na ce su yi haƙuri, laifinmu ne tare.

Amma lokaci ya ƙure, Mayu ta kusa fita. Ilse ta kawo dashen inabi, Tante Riet ta dube shi ta taɓe baki.

"Wannan sai ya shekara uku kafin ya kai taga. Ke kina da shekara uku, ni ban sani ba. Harm, buɗe aljihun kabad na ƙasa."

Wata tsohuwar ambulan ce cike da ƙwayar wake mai hawa, manya masu ɗigo-ɗigo, ragowar irin da Koos ke shukawa a lambunsa. Shekara huɗu suna ajiye. Na ce mata da wuya su fito. Ta ce Koos ma da wuya yake tashi da safe, amma yana tashi. Muka shuka arba'in, goma sha uku suka tsiro. Na ɗaura igiyoyi daga ƙasa zuwa saman taga, suka kama hawa.

Ban taɓa zaton zan zama mutumin da ke auna wake da ma'aunin gini ba, amma kullum da safe sai na auna. Layin ya sauya kama. Ko'ina kore, ƙudan zuma suna ta hidima a jajayen furanni, mutanen da shekara goma gaisuwa kawai ke haɗa su yanzu suna tsaye suna gardamar wanda waken nasa ya fi tsawo. Ruwan wankin kayan miya ma an daina zubarwa, sai a kai wa shuka. Da yamma in ka taɓa bangon da ganye ya rufe sai ka ji shi da sanyi, na kusa da shi kuwa kamar murhu. Ban faɗa wa Ilse ta yi gaskiya ba, amma ta gane.

Zafin ya sauka a makon ƙarshe na Yuli. Kwana huɗu babu ko iska, digiri talatin da shida a waje. Waken Koos ya rufe kashi biyu cikin uku na tagar, saura saman, kuma ta nan rana ke shiga ta zauna. Floris ya bugo ya ce zai zo ranar Asabar da ƙarfe uku.

Ranar, wajen biyu da rabi, na leƙa ta tagata in ga ko tana kan kujera. Ganye ya tare ƙasa, sai na ɗaga ido sama.

Labule a rufe.

Kofin da ke hannuna ban san inda ya faɗi ba. Na fita ko takalmi babu, daɓen da na shimfiɗa da kaina yana ƙona mini tafin ƙafa, ina kiran Ilse da iya muryata. Ta fito a guje. Mai gidan burodi ya fito da gari a hannu, matar lamba goma sha huɗu da jariri a kafaɗa, har mutanen kwanar coci. Ba wanda ya tambayi me ya faru, kowa ya ɗaga kai ya ga labulen sai ya gane. Na danna ƙararrawa, shiru. Na sake dannawa. Ilse tana da makullin gidan, ta ciro shi tana ƙoƙarin saka shi a ƙofar.

Sai ƙofar ta buɗe daga ciki. Ga Tante Riet, jiƙaƙƙen tawul a wuya, ƙafafunta na ɗigar ruwa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mun fi mutum ashirin.

"Wa ya mutu?"

"Ke!" na ce. "Ke kika mutu, Tante! Labulenki a rufe!"

"Kai, Harm, ka cika hayaniya. Ƙafata na tsoma a ruwa. Na ga kun sha wahala a kan waken nan, bai kai sama ba, na ce bari in taimaka masa. Na ɗauka ganye ya kare, ba mai gani."

Daidai nan motar Floris ta shigo layin. Ya ga taro a ƙofar uwarsa, ya ga labule, ya fito ko ƙofar motar bai rufe ba. Da ya hango ta tsaye sai ya dafa bango. Can ya ce, "Mama, tun yaushe kika ja shi?"

"Yanzun nan. Ko ruwan ƙafata bai huce ba."

Ya juya ya kalle mu, mai gari a hannu, mai jariri, da ni marar takalmi. Sannan ya shiga, ni da Ilse muka bi shi. Falon akwai duhu-duhu mai kore, ya fi waje sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ina ɗaga kai na ga jan layin. Talatin da ɗaya, ba ko tantama.

Floris ya tsaya a gaban ma'aunin. Ya cire tabaransa, ya naɗe, ya sa a aljihun riga.

"Ba na gani sosai a duhun nan. Kawu Harm, nawa ka gani?"

Na ce, "Ni in ba bulo ba ne ban iya karantawa ba."

"Ilse fa?"

"Ba na aiki ranar Asabar," in ji ta.

Ya zare ma'aunin daga ƙusa ya jefa a aljihun kabad, inda ambulan ɗin wake take. Ya ce, "Amma za ki riƙa jan labulen, Mama."

"Daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Sai dai ka gaya wa mutanen nan, kada su riƙa binne ni kullum." Ta leƙa waje ta ɗaga murya. "To ku shigo mana, kun tsaya rana na dukanku!"

Muka cika falon, wasu a tsaye, wasu a ƙasa. Ta zauna a kujerarta, ta jawo gwangwanin nan mai hoton jirgin ruwa ta buɗe. Muna jira ta mayar da murfi kamar kullum. Sai ta ajiye shi a gefe, ta turo gwangwanin tsakiyar tebur.

Shekara arba'in ina shiga gidan nan ban taɓa ganin haka ba. Na ɗauki biyu, tana kallona, ba ta hana ni ba.