Tambayar da Baba Ya Bari a Allo

Auta yana cikin kwashe takardu daga teburin mahaifinsu sai gwiwar hannunsa ta bugi kwamfutar, allon ya farka. Kwana uku ke nan da rasuwar tsohon, ba wanda ya taɓa ta. Wani ma ya zare cajarta ya jona butar shayi a soket ɗin.

Baba ya yi shekara talatin yana buga takardu a wani ofishin lauyoyi. Da tafireta ya fara, ya koyi kwamfuta da furfura a kansa, kuma har ya bar duniya bai yarda da linzamin kwamfuta ba. Komai a cikin manhajar rubutu yake yi, a baƙin allo. In ya buɗe folda, sunayen fayiloli sukan jeru layi-layi kamar sunayen ɗalibai a rajista. Ya gyara layi, sunan fayil ya canza. Ya yanke layi ya liƙa a wani shafi, fayil ya tashi ya koma can. Ya goge layi, fayil ya tafi ba dawowa, sai dai kafin nan manhajar takan tsaya ta yi tambaya. Auta gyaran firji ne sana'arsa, amma ya sha zama a bayan tsohon har ya iya.

Tambayar ce yanzu a ƙasan allon. Za a goge folda ɗaya mai suna zuwa-ga-babbar-yata, da fayiloli ɗari biyu da goma sha huɗu da ke cikinta. E ko a'a? A gefenta ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa, kamar mai barci yana numfashi.

Auta ya ja kujera ya zauna. 'Ya mace ɗaya Baba ya haifa, yayarsa, ma'aikaciyar jinya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ita ta sa hannu aka yi wa mahaifiyarsu tiyata, Baba yana cewa a dakata. Umma ba ta farka ba. A farfajiyar asibiti Baba ya gaya wa 'yar tasa magana guda, daga ranar ba su ƙara haɗa ido ba.

Hasken la'asar ya shigo ta labule ya kwanta a kan maɓallan da yatsun tsohon suka cinye wa haruffa. Auta ya zuba wa allon ido har layukan suka fara iyo. Sai ya ga kamar yana tafiya a wani dogon gida, kowace folda ɗaki ce da ƙofarta: ɗakin ƙararraki, ɗakin wasiƙun fansho, ɗakin magungunan hawan jini. Can ƙarshe ga Baba a tsaye da singileti, ya dafa wata ƙofa, ba a gane ko rufewa yake yi ko buɗewa. Ƙarar keken telan da ke ƙasan bene ce ta dawo da shi.

Telan nan shi ya kai Baba asibiti. Ya ce tsohon da ƙafarsa ya sauko, dafe da ƙirji, har ya tsaya ya kulle ƙofa. Mutumin da ya sami sukunin juya makulli ai ba zai rasa sukunin danna maɓalli ɗaya ba. To wanne ne nufin mutum, abin da hannunsa ya fara, ko inda hannun ya tsaya? Auta ya juya tambayar ta kowace fuska, ya rasa bakin zarenta. In ya ce e, ya ƙarasa wa mamaci aikin da wataƙila ya fasa. In ya ce a'a, ya tona abin da mamaci ya tashi binnewa. Kuma ba a shiga foldar sai an ba da amsa.

Yaya ta shigo da jakarta a kafaɗa, motar ƙarfe biyar za ta bi. Ta ce ta bar shi da aikin minti goma ya zauna yana kallon talabijin marar hoto, dama tun yana yaro in an aike shi sai an aiki mai nemo shi. Ya matsa mata kujera, ya bayyana mata yadda abin yake. Ta sunkuya ta karanta sunan foldar, leɓunanta na motsi. Ta tambaye shi abin da ke ciki, ya ce bai sani ba.

"Ban haƙuri ne ko zagi?"

"Wallahi Yaya, zai iya zama kowanne. Kin san shi."

"Na san shi," in ji ta. Ta miƙe ta gyara jakarta. "Zagi ɗari biyu da sha huɗu ma ai ƙoƙari ne. Shi ya goge abinsa, Auta. Danna masa e, ka huta."

Ya ce ita aka rubuta wa, ita ya kamata ta danna. Ta yi 'yar dariya, ta ce shalelen Baba ne ya iya injin Baba, ita allura ta sani. Ta dafa kansa kamar yadda take yi sa'ad da take kai shi makaranta, ta fita. Ya ji takunta a matakala, sannan ya daina ji.

A kusurwar allon alamar batir ta koma ja, saura kashi uku. Nan wata dabara ta faɗo masa, mai daɗi kamar gyangyaɗi. In ya naɗe hannu kwamfutar ta mutu don kanta, gogewar da ba a tabbatar ba za ta bi iska, foldar ta tsira. Ba wanda zai ce ya saɓa wa mahaifi ko ya ƙi jin maganar yaya. Batir ne ya ƙare.

Ya naɗe hannun kuwa. Saura kashi biyu. Kunya ta kama shi, irin ta wanda ya ga tsohuwa a tsaye a cikin bas ya yi kamar barci yake. Idan laifi ne, gara a sami mai shi.

Ya sa yatsa ya danna a'a. Layin ya dawo mazauninsa a tsakanin sauran, shiru, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Bai buɗe foldar ba. Ya zare butar shayi, ya naɗe cajar a hannu, ya rungumi kwamfutar a buɗe ya fito da sauri, yana lissafin ko zai cim mata kafin tasha.

A matakala ta huɗu ya same ta zaune, jakar a kan cinyarta, tana kallon bango. Ba ta waiwayo ba, ta dai matsa gefe ta bar masa wuri.

"Ka daɗe," ta ce.