Wayar da Kiyoharu Ya Naɗa

Ranar da labarin ya iso, Fusae tana tsugune a bayan gida tana cire ciyawa daga cikin kasaken itatuwa. Ƙarshen kaka ne, an gama yankan shinkafa, hayaƙin karan da ake ƙonawa a gonaki ya kwanta a kan garin Kinashi. Ta ji tarho yana ƙara a ɗaki, ta ƙi tashi, don hannuwanta duk ƙasa ne, kuma masu neman mijinta ba sa gajiya da sake kira. Can sai ga Yasuji, ƙanin mijin, ya shigo ta ƙofar lambu da silifas ɗin cikin gida a ƙafa. Mutumin da bai taɓa taka gidan nan ba tare da ya ce miyarta ta yi gishiri ba, yau ya zo ya tsaya a kanta, babu tsokana.

"Yaya," ya ce, "tashi ki wanke hannu."

Da asuba mijinta Kiyoharu ya fita da mota cike da itatuwa, zai haye teku zuwa kasuwar dillalai a Okayama. A cikin jirgin ruwa ya sami benci ya zauna, ya kunna taba. Wani da ke gefensa ne ya lura tabar ta ci har ta kai yatsa, mai ita bai motsa ba.

Fusae ta wanke hannun kamar yadda aka ce ta yi. Da za ta shiga ɗaki ta bi ta rumfar aikinsa. Ƙaramin itacen matsun nan yana kan teburi inda ya bar shi jiya da yamma, almakashi a gefe, sabuwar wayar tagulla tana ƙyalli a jikin reshen ƙasa.

A Kinashi kowane gida da gonarsa ta matsu, itacen nan mai ganye kamar allura da ba ya kakkaɓewa ko da sanyi. Da shi ake ci, da shi ake aurar da 'ya'ya. Ana rainonsa a kasko, a hana shi tsawo, a lanƙwasa shi har ya yi kama da tsohon itace a bakin dutse, sannan masu sha'awar irin wannan ɗan itace, da ake kira bonsai, su zo daga nesa su saya. Kiyoharu ya sayar da dubbai. Wannan ɗaya ne bai taɓa barin gidan ba.

Shekarar da aka kawo Fusae amarya suka samo shi. Wani masunci ya kai su wani ɗan tsibiri a kwalekwale, ita tana ta amai tun daga gaɓa. Itacen yana maƙale a tsagar dutse, iska ta karkatar da shi gefe guda. Kiyoharu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya bar mata ɗaya bakin ta riƙe. Da ya hauro, ya naɗe saiwar a jiƙaƙƙen buhu ya goya mata.

"A hankali," ya ce, "ya girme ki."

Ita ce doguwar maganar da ya yi mata a ranar, kuma har ta tsufa in ta tuna sai ta yi dariya. Shekara arba'in itacen bai wuce kamu ɗaya ba. Masu kuɗi daga Tokyo sun sha tsayawa a gabansa, amsarsa ba ta canzawa: bai gama da shi ba tukuna.

Aikin gidan a rabe yake tun zamanin surukarta. Ban ruwa da cire ciyawa da tuge tsofaffin allurai na mata ne. Almakashi da waya na maza. Fusae ta san kowane reshe na itacen nan kamar yatsunta, amma ba ta taɓa yanke ko toho ɗaya ba. Wayar kuma Kiyoharu ne yake gasa abarsa a wutar karan shinkafa har ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Da laushin ake naɗa ta. Da ta hau reshe aka lanƙwasa, sai ta sandare, ta riƙe shi a inda aka ajiye shi.

Reshen ƙasa na hagu ya daɗe yana ba shi wahala. So yake ya sauko, ya miƙe kamar hannun mai tarbar baƙo, reshen kuwa sai neman miƙewa sama yake yi. Shekaru ya bar shi yana kauri. A yammacin ƙarshen nan ta kawo masa shayi da gasasshen dankali, ta juya za ta tafi, ya ce, "Ke, riƙe min nan." Ta dafe gindin itacen da hannu biyu. Ya sa manyan yatsunsa ya danna reshen kaɗan-kaɗan, yana sauraro kamar mai jin numfashin jariri, har ya kwanta inda yake so. Ya ja da baya ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. Ya ɗauki dankalinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yarsu ta koma gidan mijinta a Osaka, Yasuji ya karɓi gonar. Fusae ta ce ya kwashe komai amma ban da ƙaramin. Ta mayar da shi kan benci a bakin baranda, inda take ganinsa tana wanke-wanke. Sanyi ya zo ya wuce. Da bazara itacen ya yi toho, dogaye farare kamar kyandir. Wayar ta dusashe ta koma launin ɓawo, sai wanda ya san da ita yake ganinta. Fusae kuwa kullum sai ta bi naɗin da ido. Tazarar kowane zagaye daidai take da na gabansa, haka hannunsa yake.

Da damina ta sauka, Yasuji ya zo wata rana da kifi a leda. Ya durƙusa gaban itacen, ya ɗaga allurai da bayan yatsa, ya yi tsaki.

"Yaya, idonki ya mutu ne, ko ganin dama ne ba ki yi ba? Waya ta fara cin ɓawo."

"Na gani."

"Kin gani kika zauna? Reshe yana ƙiba, waya ba ta ƙiba. Nan da wata guda za ta shaƙe shi."

"Wanda ya naɗa bai ce a cire ba."

"To bari in je in tambayo shi." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ko ke za ki kunna masa turare ki ji ta bakinsa? Da ransa ma ba amsa miki yake yi ba."

"Ɗan banza," ta ce, "ajiye kifin ka kama gabanka. Kai da yayanka ya hana ka taɓa almakashinsa har ka yi furfura."

"Rowa ce, ba wai ya fi ni iyawa ba."

Suka yi dariya su biyu, dariyar ta yanke da wuri.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da abin yankan waya a aljihu. Ranar babu wasa a fuskarsa. Ya nuna mata inda ɓawon ya kumbura ta gefen wayar biyu, kamar yatsan da zobe ya matse.

"Guntu-guntu zan datse ta, zagaye ɗaya bayan ɗaya. Kafin ruwan shayinki ya tafasa na gama."

"Guntu-guntu," ta maimaita.

"Haka ake yi, kin fi ni sani. Sau nawa kika share guntayen a rumfar can?"

Ta share su ba adadi. Ta tara su a gwangwani, mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya kwashe. Abin da ba za ta iya gani ba ke nan, a ce aikin ƙarshe na hannun Kiyoharu ya zube a ƙasa kamar yankan farce. So take ta sami wayar ɗungurungum, da zagayenta yadda ya bar shi, ta ajiye gaban hotonsa kusa da kwanon shinkafar da take zuba masa.

"A warware ta mana," ta ce.

"Tagullar da ta sandare? Wadda ta nutse a ɓawo? Haba Yaya. Ko yaron da ya zo koyo jiya ba zai faɗi haka ba."

"To bar min abina. Gobe ma rana ce."

Ya kalle ta, ya kalli itacen, ya mayar da ƙarfensa aljihu. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Jibi zan dawo, ko kina so ko ba kya so."

Washegari da hantsi ruwa ya ɗauke. Fusae ta ɗauki itacen ta kai rumfa, ta ɗora a kan teburin, ta zauna a kujerarsa karo na farko. Ta nemo filaya. Ta gaya wa kanta hannunta ya fi na Yasuji sanyi, kuma ita ce ta riƙe gindin ranar da aka naɗa, ta ga yadda wayar ta bi.

Daga bakin reshen ta fara, inda yake siriri. Zagayen farko ya saki. Na biyu ma haka, har ta ji zuciyarta ta yi haske. Tana matsawa ciki wayar tana ƙara tauri, sai ta murɗa da ƙarfi kafin ta ɗaga, duk murɗawa ɗaya reshen ya girgiza. Inda ta nutse, ta fito da ɓawo manne a jikinta, ƙaro ya tsattsafo. Nan ya kamata ta tsaya. Ta duba ta ga saura kaɗan, daidai gwiwar da Kiyoharu ya lanƙwasa. Ta kama, ta ja.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an karya tsinken cin abinci.

Reshen bai faɗi ba, ya dai sunkuya fiye da inda aka bar shi, ta sama ya buɗe baki, farin cikinsa a waje. Wayar tana hannunta, ɗungurungum kamar yadda ta so. Ta kalle ta. Babu zagaye ko ɗaya a jikinta. Wani karkataccen ƙarfe ne mai ƙulle-ƙulle, duk lanƙwasar da ke cikinsa ta filayarta ce.

Da Yasuji ya zo ya tarar ta ɗaure wurin da zaren rama, ta shafe da laka, ta tokare reshen da sanda. Ya daɗe a tsugune. Ta jira ya yi faɗa, ta ma fi son ya yi.

"Ɗaurin ya yi kyau," ya ce kawai. "Wa ya koya miki?"

"Zai rayu?"

"Matsu ba ya faɗar mutuwarsa da wuri. Sai mun gani."

Haka suka yi ta gani. Damina ta wuce, zafi ya shigo, kukan ƙwari ya cika itatuwan gari. Alluran reshen suka zauna kore har ta fara sa rai. Sannan koren ya dusashe, ya koma ruwan ƙasa daga baki zuwa ciki. Lokacin bikin shekara-shekara da ake kunna fitilun tarbar ruhin matattu, reshen ya yi jawur, in ta taɓa sai allurai su zubo a tafinta. Sauran itacen lafiya lau.

"Hanya biyu ce," in ji Yasuji. "Ko a sare shi daga gindi a bar tabo, ko a rage shi a feƙe ɓawon, ya bushe ya yi fari, kamar wanda guguwa ta karya a tsibiri."

"Wanne zai zaɓa, da yana nan?"

"Da yana nan da ba mu zo nan ba. Ke za ki faɗa."

"To a feƙe. Ungo wuƙar."

Ya mayar da hannuwansa baya. "A'a. Ke kika fara aikin maza, ki ƙarasa abinki. Ni ɗan kallo ne."

Ta zage shi, ta zauna. Ta datse reshen ta bar kamar tsawon yatsa, ta feƙe ɓawon, ta tsattsage bakin da filaya don kada ya yi kama da yankan mutum. Yasuji yana gefe yana cin tsamammen kabejinta yana cewa ya yi gishiri.

Da ta gama suka ja da baya. Hannun nan mai tarbar baƙo babu shi. Gefen hagu ya zama fili, itacen kamar zai faɗi dama. Ba na Kiyoharu ba ne kuma, ta san haka. Ta kama kaskon ta juya shi a hankali don kada ta ci gaba da kallon gurbin. Ta bayan, inda shekara arba'in yake fuskantar bango, gindin yana da wata karkata da ba ta taɓa lura da ita ba, farin guntun reshen ya leƙo ta gefe. Ƙasa da shi kaɗan, a tsagar ɓawo, ga wani toho bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ka ga wannan?"

Yasuji ya sa tabarau ya leƙa. "In ya sami rana zai iya zama reshe. Shekara goma, ko sha biyar. Ke ina za ki kai?"

"Sai na binne ka tukuna."

Yasuji ya riga ta tafiya kuwa, shekarun baya. Tohon yanzu ya kai tsawon tafin hannu, siriri ne, bai isa waya ba tukuna. Ranar safe yake so, ta yamma tana ƙona shi. Don haka kullum da sassafe, kafin ta ɗora ruwan shayi, Fusae takan fito baranda ta kama kaskon da hannu biyu ta juya ɗan reshen gabas. In rana ta karkata, ta fito ta juya shi inuwa.