Jan Matashin Guntuwa

Guntuwa ta rasu ranar Laraba da hantsi a ɗakin tiyata, kwana biyu bayan hatsarin da duk layinmu aka kira ƙarami. Shekararta tara. 'Yar maƙwabcina ce, mai ɗinkin kujerun mota, wanda shagonsa ke jingine da katangar gidana. Mai Kujera muke ce masa.

Ina ƙofar shagon ranar Litinin da yamma da motarsa ta dawo daga ɗauko yara. Bamban gaban motar ya lotsa, fitilar hagu ta fashe, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin inji. Guntuwa ce ta fara fitowa, da ƙafarta, jakar makaranta a kafaɗa.

"Kawu, yau Baba ya je gaishe da tankar ruwa," in ji ta. "Ta baya ya gaishe ta."

"Rufe min baki, uwar surutu," in ji ubanta. Yana dariya. Ya ce tankar ce ta ci birki a shataletale, shi kuma ya taka nasa a makare. Ya kwance ƙaninta, Auta, daga kujerarsa, ya juya shi gaba da baya. Ko ƙwarzane babu.

Kujerar da Auta ke kai ta Guntuwa ce a da. Ta roba ce mai tauri, irin wadda ake ɗora wa yaro don ya ƙara tsayi, da ƙahoni biyu a gefe da ke riƙe bel a kan cinya. Da Auta ya girmi kujerar jarirai sai aka ba shi ita. Guntuwa ba ta yi kuka ba, don da ma 'yan ajinsu sun sa mata ido, suna cewa a kan fo ake kawo ta makaranta. Sai dai ba ta da tsayi, sunan ma daga nan ya samo asali. In ta zauna a kujerar manya, bel a wuya yake yankar ta.

Mai Kujera ya duba abin da idon sana'arsa. Ya yanko soso mai laushi, wanda yake sa wa motocin manyan mutane, ya rufe shi da jar leda, ya bi gefe da farin zare. Matashin ya yi kyau ƙwarai. Guntuwa ta hau, bel ya sauka daga wuyanta, magana ta ƙare. Cikin wata guda rabin motocin layin sun samu irinsa, har da tawa, saboda jikana. Duk wanda ya kawo mota aka sabunta mata kujeru, in an ga yara tare da shi, da matashin ake yi masa gyara.

Ranar Talata da safe uwar ta kira matata ta nuna mata cikin yarinyar. Wani layi ne ya ratsa daga gefe zuwa gefe, sama da cibiya, faɗin yatsu uku. Jiya ja ne, in ji uwar, yau ya fara duhu. Aka sayo man shafawa da maganin ciwon jiki a kemis.

Da la'asar na sami Guntuwa zaune a dakalin shagon, ta haɗa gwiwa da ƙirji. Yara na guje-guje a gabanta, ba ta ko bi su da ido ba. A ciki keken ɗinki na ta aiki.

"Uwar surutu, yau an ɗauke wuta ne?" na ce.

"Kawu, kar ka ba ni dariya. In na yi, ciki ke ja."

Na leƙa shagon na ce wa ubanta a kai ta a duba. Ya ɗaga ƙafa daga keken.

"Tsoro ne bai sake ta ba, maƙwabci. Ai ta sa bel, ni na ɗaura mata da hannuna. Ba ga Auta can yana hawa katanga ba?"

"Ta ci abinci?"

"Ta sha shayi. Ta mayar. In ta kwana a haka, gobe da sassafe."

Da sassafen kuwa aka buga min ƙofa. Cikin Guntuwa ya kumbura, ya yi tauri kamar katako, goshinta na zufa mai sanyi. Motarsu na wurin bakanike, don haka a tawa muka tafi. Uwar ta kwantar da ita a cinya. Ta ture matashin jikana zuwa ƙasa don su samu wuri.

"Kawu, bi a hankali," in ji Guntuwa. "Ramukan nan cikina suke shiga."

Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta.

Likitar da ta karɓe mu ta ɗaga rigar, ta ga layin, ba ta ƙara tambayar uwar komai ba. Ta sa aka tura gadon da gudu. Bayan an shiga da ita, ta dawo ta tsaya gaban Mai Kujera.

"Baba, a kan me take zaune lokacin da abin ya faru?"

"Matashi. Ni na ɗinka."

"Mai tauri ne?"

"Soso ne. Mai kyau, wallahi. Wanda ya fi kowanne laushi."

Ta yi bayanin a taƙaice. Bel na ƙasa a kan ƙashin ƙugu ya kamata ya zauna. Da motar ta daki tankar, soson ya lotse, yarinyar ta zame gaba, bel ya hau cikinta ya matse. Hanji ya tsage, tun Litinin yake yoyo a hankali. Mai Kujera ya saurara har ƙarshe, yana kallon tafin hannunsa. Bai zauna ba har aka fito aka faɗa mana.

Bai buɗe shago ba sauran makon. Ranar Asabar na gan shi da buhu yana bin layi gida-gida. A ƙofar malamin makaranta na ji su.

"Haba Mai Kujera, ka zauna ka huta. Yaran suna son abin, kuma mu ba ma gudu da mota."

"Ni ma ban yi gudu ba, Malam. Buɗe min motar."

Aka buɗe. Ni ban jira ya zo ba, na kai masa nawa. Ya bi masu motocin da ya sani har wuraren aikinsu. Duk wanda ya karɓo sai ya farke ledar da almakashi, ya jefa soson a kusurwar shago. Jan na Guntuwa ne kawai bai taɓa ba. Yana kan teburin yanka, da lotsawa a gabansa wadda har yau ba ta taso ba.

Saura ɗaya. Wata mata ce mai farar mota, ba 'yar unguwa ba, ta tsaya a bara aka ɗinke mata kujerar da ta yage. Tana tare da yarinya mai kitso biyu, ba ta kai Guntuwa tsayi ba. Ya ba su koren matashi. Bai tambayi sunanta ba, bai karɓi lambarta ba.

Yanzu ya fito da keken ɗinkin bakin ƙofa, yana fuskantar titi. Lokacin tashin makaranta keken kan tsaya. Duk farar motar da ta rage gudu a kwanar layin, sai ya miƙe ya leƙa kujerar baya. Har zuwa jiya ba a samu matar ba.