Mama, Rusuna Ki Wuce

Malama Ketura Dzarma ta koyar da lissafi a makarantun Maiduguri har kanta ya yi fari, kuma a tsawon aikin nan babu ɗalibin da ya gagare ta. Sai da suka girma suka gagare ta. Da suna yara ta san maganinsu. Yanzu da wasunsu suka zama 'yan majalisa, girmamawarsu ce take neman kashe ta.

Bayan ta ajiye alli aka ba ta shugabancin wata 'yar ƙaramar hukuma, Hukumar Gyaran Famfunan Unguwanni. Sunan ya fi ofishin girma. Ɗakuna biyu ne a bayan wata ma'aikata, sai akori-kura guda da ta daɗe a kan duwatsu, sai Ba'ana, tsohon makanike wanda shi ne sashen injiniyoyi gaba ɗayansa. Aikinsu ɗaya ne: idan rijiyar burtsatse ta mutu a unguwa, su tashe ta. To amma a kasafin kuɗin jiha, gina sababbin rijiyoyi ne ke samun kaso mai tsoka, domin sabuwar rijiya tana zuwa da yanka ƙyalle da hoto da allo mai ɗauke da sunan mutum. Gyara kuwa wa zai gani? Injin da aka canja yana can ƙarƙashin ƙasa, ba a ɗaukar hoto da shi. Saboda haka kowace shekara sai a yanke kason gyara, har ya zama ko man mota ba zai saya ba.

Wuri ɗaya ne ake iya gyara wannan ɓarna, wato zaman kare kasafi, inda kowane shugaban hukuma ke zama gaban kwamitin majalisa ya faɗi buƙatarsa, a yi masa tambayoyi, a yi gardama, a ƙara masa ko a rage. Sai dai majalisa tana da wata al'ada. Idan mutum yana da girma a idon 'yan kwamiti, ba a wahalar da shi da tambaya. Wani zai miƙe ya yabe shi, ya nemi a bar shi ya rusuna ya wuce, wani ya mara baya, a buga guduma, shi ke nan. Ana ɗaukar wannan babbar karramawa ce, kuma akwai shugabannin da ke addu'ar samunta. Bara ita aka yi wa Malama Ketura. Ta rusuna ta fito tana murmushi, sai da ta isa mota ta tuna ba ta ce uffan ba, kason gyara kuwa yana nan yadda aka kawo shi.

Bana lamarin ya fi ƙarfin murmushi. Babbar rijiyar da rabin unguwar Mafoni ke ɗiba ta mutu tun ƙarshen damina. Masu hali suna saye wajen 'yan kura masu tallan ruwa, marasa hali sun koma wata tsohuwar rijiya da kakanninsu ma suka daina sha. Ya Kellu mai turaren wuta, wadda ita ce bakin matan layin, ta yi sintiri a ofishin har masu gadi sun daina tambayarta wajen wa ta zo. A zuwanta na ƙarshe ba ta ko zauna ba. Ta ciro gorar roba daga cikin lafayarta ta dire a kan tebur. Ruwan ciki launin shayin da aka ɗiga wa madara ne, ga wani abu baƙi-baƙi kwance a ƙasa.

"Madam, wannan jikokina suke sha," in ji ta. "An ce za ki shiga wajen manya. Ki kai musu su gani da idonsu."

Malama Ketura ta yi alkawari. Ba ta cika yin alkawari ba, shi ya sa wannan ya tsaya mata a rai.

Da yake ta san halin mutanenta, sai ta ga gara ta tari abin tun da wuri. Ranar Asabar da hantsi ta hau keke napep ta nufi Ji'ar'e, unguwar manya, gidan shugaban kwamitin, Honarabul Ajimi, wanda ta taɓa tsayar da shi a rana saboda ya kasa raba goma gida huɗu. Yana ganinta ya sauko daga kujera ya zauna a kan kafet, yana ta washe baki, ya sa aka kawo lemo da naman kaji. Ta gaya masa dalla-dalla cewa ba ta son a ce ta rusuna. Tana so a yi mata tambayoyi, a matsa mata, in ya so ma a ci mata fuska, muddin za a bar ta ta yi magana. Honarabul ya saurara yana gyaɗa kai, idanunsa har sun kawo ruwa. Ya juya ya ce wa baƙin da ke falon su dubi irin tawali'un mutanen da, ana ba su girma suna gudu. Ta ce ba tawali'u ba ne, ruwa ne babu a Mafoni. Ya ce kada Mama ta damu, komai yana hannu. Ta fito da ledar kaji a hannu da ɓacin rai a ciki, don ta san wannan kalma tun yana aji uku, ita yake faɗa duk ranar da bai yi aikin gida ba.

Ranar zaman ta sa Ba'ana ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ita kuma ta cusa gorar Ya Kellu cikin jakarta. A ƙofar majalisa ɗan sanda ya ce ba a shiga da abin sha, ta ce masa wannan ba abin sha ba ne, shi ne ma dalilin zuwanta. Ya ɗaga gorar ya duba ya mayar mata, ya ba ta hanya.

Ɗakin kwamitin sanyi ƙalau, ga gorunan ruwa masu tsabta an jera a gaban kowane ɗan majalisa. Kafin a zo kanta, wani shugaban hukumar kasuwanni ne a kujera, kuma sun sa shi a gaba. Wani ya ce kuɗin da ya nema na sabuwar ƙofar ofis ya yi yawa, wani ya ce ai ƙofa ita ce mutuncin ma'aikata, wani ya tambaya me ya sa babu ko rumfa ɗaya a mazaɓarsa. Aka yi ta ja, murya na hawa kan murya, har shugaba ya buga guduma. Bawan Allah yana ta share gumi a cikin sanyin nan. A ƙarshe, bayan an gama wanke shi tas, aka yarda a duba yiwuwar ƙara masa. Malama Ketura tana kallonsa kishi ya cika ta. A duniya ba ta taɓa sha'awar a zage ta ba sai ranar.

Da aka kira hukumarta, ta tako da sandarta ta zauna, ta ajiye jakar a ƙasa kusa da ƙafarta saboda teburin shaida ƙarami ne kuma makirufo ya cinye shi. Ko buɗe baki ba ta yi ba, Honarabul Taufiq ya miƙe. Shi ma ɗalibinta ne, mai kwafar amsa a bayan aji. Ya ce yau rana ce ta tarihi. Ya ce duk wanda ya iya ƙirga yatsunsa a ɗakin nan, albarkacin wannan baiwar Allah ne. Ya ba da labarin yadda ta taɓa saya masa takalmi, abin da ita ba ta tuna ba kuma tana shakkar ya faru. Ya rufe da cewa rashin tarbiyya ne ɗa ya titsiye uwarsa da tambaya, don haka yana roƙon kwamiti ya bar Mama ta rusuna ta wuce. Mutum uku suka yi rige-rigen mara masa baya.

Ta jawo makirufo. "Ranka ya daɗe, shugaba, ba zan rusuna ba. Bayana yana ciwo, likita ya hana ni. Tunda kuwa ba zan iya ba, sai ku saurare ni."

Ɗakin ya ɗauki dariya, irin wadda ake yi wa tsohuwa mai ban dariya. Amma ga mamakinta, maganar ta haifar da muhawara. Wata 'yar majalisa, Honarabul Turai, wadda ba a Maiduguri ta yi makaranta ba saboda haka ba wanda ke bin ta bashin ladabi, ta ce a bar matar ta yi bayani, ai don haka aka tara su. Honarabul Taufiq ya ce an riga an gabatar da buƙata an mara baya, ba a janye girmamawa. Wani ya ce a ƙa'ida ko gyaɗa kai ya wadatar ga mai lalura. Wani ya ce a'a, sai an ga kafaɗa ta sauka. Suka shiga gardama a kan iya inda ya kamata bayan tsohuwa ya lanƙwasa, da zafin da ba su taɓa yi a kan famfo ba. Ita kuwa tana zaune ta miƙe wuya kamar an ɗaura mata katako, ko ƙiftawa da ƙyar take yi, kada a ce ta gyaɗa.

Cikin hayaniyar ta samu ta fara. Ta ce rijiyar Mafoni ta mutu, ta ce ta unguwar Fezzan ma tana tari, ta ce injin da ake buƙata bai kai kuɗin ƙofar da aka gama gardama a kanta ba. Ta lura wasu sun yi shiru. Honarabul Turai ta ajiye wayarta. Shi kansa shugaba ya ɗan karkato. Zuciyarta ta ce mata yanzu ne, yanzu za su gani da idonsu kamar yadda Ya Kellu ta ce. Ta tura kujera baya, ta dafa tebur, ta sunkuya ƙasa don ta ciro gorar daga jaka.

"Ta rusuna," in ji Honarabul Taufiq.

Tafi ya ɓarke. Guduma ta sauka. Kafin ta ɗago da gorar a hannu, duk kwamitin yana tsaye, masu ɗaukar hoto sun yi caa a kanta, magatakarda ya riga ya kira hukuma ta gaba. Ta ce ba rusunawa ta yi ba, amma an kashe makirufonta. Honarabul Turai ta yi magana ba wanda ya ji. Honarabul Ajimi da kansa ya sauko ya ɗauki jakarta, ya riƙe mata hannu har bakin ƙofa, yana cewa Mama ta sa musu albarka. Ta miƙa masa gorar ta ce ya duba abin da mutane ke sha. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa wa wani na bayansa ba tare da ya kalla ba, ya koma ciki da sauri saboda ana jiransa.

Ita da Ba'ana suka hau keke. Takaici ya cika ta har wuya, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu wanda za ta ce ya wulaƙanta ta. Da zaginta aka yi da ta san inda za ta kai ƙara. Ba'ana ya yi ta juya hularsa a gwiwa, can ya ce ko su wuce ofis. Ta ce a'a, Mafoni za su, gara matan su ji daga bakinta.

Ashe labari ya riga su. Wani ya sa hoton zaman a waya, ga Malama Ketura a sunkuye, ga manya a tsaye suna tafa mata. Tun daga bakin layi ta hango jarkoki rawaya an jera su a gaban mataccen famfon, layi har ya sha kwana, an ɗora dutse a kan wasu don kama wuri. Matan na ganinta suka saki guɗa. Ya Kellu ta taho da kaskon turare tana zagaya ta da hayaƙi, baki har kunne.

"Mun gani, Madam, mun gani. Duk sun miƙe miki. Na ce musu wannan matar ba ta faɗuwa ƙasa banza." Ta juya wajen Ba'ana. "To, Ba'ana, gobe za ku fara ko jibi?"

Ba'ana ya dubi ƙasa. Malama Ketura ta dubi jarkokin, ta dubi fuskar Ya Kellu. Shekara da shekaru tana tsayawa gaban aji ba ta taɓa rasa ta inda za ta fara ba sai yau.

"Ya Kellu," ta ce, "ki ce su kwashe jarkokin nan tukuna. Sannan a samo mini kujera, bayana ciwo yake yi."