Makullin Nawaf

Nawaf ne ya take ƙafar Inno da mota, kuma shi ne ya fasa gilashin shagon turare. Duk wanda ke kasuwar Bab Makka ta Jidda ran nan bayan la'asar ya gani. Saurayin yana ja da baya idonsa na kan waya, motar ta hau dakali, ta bi ta kan tsohuwar da ke zaune da farantin gyaɗarta, sannan ta kutsa shagon maƙwabci.

Muntaka ne ya fara isa wurin. Shi ke ɗaukar bandir na yadi a shagon uban Nawaf tun da ya zo umara ya ƙi komawa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kafilin da zai tsaya masa, sai ƙarfi da gaskiya, kuma babu jami'in da ya taɓa tambayarsa waɗannan biyun.

Nawaf ya fito daga motar. Bai dubi Inno ba. Ya danƙa wa Muntaka makullin, ya ce, "Riƙe min, yanzu zan dawo." Ya shige lungu.

Kafin a ce me, matan da ke talla tare da Inno sun naɗe ta a zane sun yi unguwar Madain Fahd da ita wurin mai ɗori. Ita ma ba takarda gare ta ba, kuma a asibiti takarda ake fara tambaya kafin ƙashi. Da aka ji jiniya, sauran shaidu suka watse, har da masu ciwon gwiwa.

Abdulghani mai shayi ya tsaya. Haifaffen Jidda ne, jikan alhazan Hausa, ɗan ƙasa da katinsa a aljihu. Ya kama hannun Muntaka.

"Kawu, yalla. Jefar da abin nan ka bi su."

"Amana ce. Ya ce in riƙe."

"Wace amana? Tarko ya ba ka."

"In na jefar wani ya tsinta ya tafi da motar fa? Me zan ce wa ubansa?"

Haka aka tarbiyyantar da Muntaka a gida: abin da aka sa maka a hannu ba ka sakinsa sai a hannun mai shi. Tarbiyya ce mai kyau. 'Yan sanda suka iso suka tarar da mota a cikin shago, da baƙin mutum tsaye da makulli. Ba su sha wahalar bincike ba.

A ofis aka zaunar da shi a ƙasa. Can sai ga Nawaf da ubansa cikin fararen kaya. Aka jawo musu kujeru, aka kawo gahawa. Muntaka ya ji sanyi a ransa, don mai kaya ya zo. Ya miƙe, ya rusuna, ya miƙa makullin da hannu biyu.

"Ɗan maigida, ga amanarka."

Nawaf ya karɓa, ya dubi jami'in. "Ka gani? A hannunsa yake. A kan tebur na bari na tafi salla."

Muntaka ya dubi uban. Shekara da shekaru yana ɗaukar masa kaya, ko ƙyalle bai taɓa ɓata ba. Uban yana ta jan carbi yana duban silin.

Abdulghani ya ce shi shaida ne. Jami'in ya ce ya fara kawo iƙama tukuna. Abdulghani ya miƙa katin ɗan ƙasa. Jami'in ya juya katin, ya dubi fuskarsa, ya sake duban katin, kamar ɗaya daga cikinsu na ƙarya.

"Ni na ga Nawaf a kan sitiyari," in ji Abdulghani da Larabcin da ya fi na jami'in zama na Jidda. "Kuma akwai tsohuwa da ya karya."

"Tana ina?"

In Abdulghani ya faɗa, Inno za ta kwana a tsare da karyayyiyar ƙafa.

"To babu tsohuwa," in ji jami'in. "Gilashi dai ga shi, kowa ya gani. Ku dama haka kuke, kuna rufa wa junanku asiri."

Abdulghani ya nuna Muntaka. "Wallahi mutumin nan bai iya tuƙi ba. Ku sa shi a motar. In ya tayar da ita, ku ɗaure ni tare da shi."

Jami'in ya yi murmushi irin na wanda aka sauƙaƙa wa aiki. "Ai shi ya sa ya shiga shago. Da ya iya, da bai shiga ba. Halas, magana ta ƙare."

A gaban alƙali ma maganar ba ta daɗe ba. An sami Muntaka da ɗaukar motar maigidansa, da tuƙi babu lasisi, da ɓarna, da zama ba izini. Na ƙarshen kaɗai ya aikata, kuma shi kaɗai ya amsa. Ya yi zaman gidan yari, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Inno tana jan ƙafa har yau, kuma a wurin hukuma babu abin da ya taɓa samunta.

Kada a ce mai laifi ya sha. Uban Nawaf mutum ne mai tsanani. Ya hana shi tuƙi har zuwa Juma'a.