Yarinyar da ta Daina Shan Ruwa

"Umma, in mutum ya daina shan ruwa, zai daina fitsari?"

Uwar tana kan keken ɗinki, ga mai kaya tsaye tana jiran a kama mata bakin riga. Kafin uwar ta buɗe baki, surukarta, kakar yarinyar, ta miƙo hannu daga kan tabarma ta ɗalle wa jikarta leɓe.

"Ji min ja'irar yarinya! A gaban baƙuwa? Bakinki ya kiyayi wannan zance."

Haka tsarin gidan yake. Duk abin da ke ƙasa da cibiya ba ya hawa harshe, wanda ya manta kuwa yatsan kaka ya tuna masa. Uwar ma da haka ta tashi a gidansu, kuma ita da kanta ta sha ɗalle bakin 'yar nan. Mai kaya ta yi dariya ta tafi. Ita dai uwar dariya ta ƙi zuwa, don idonta ya faɗa kan gorar ruwan da yarinyar ke zuwa makaranta da ita, cike taf yadda ta cika ta da safe. Jiya ma haka ta dawo. Ta taɓa goshin 'yar, zafi rau.

Kakar ta raka su asibiti, aka auna fitsarin. Nas ta ce ciwon mafitsara ne, ya kwana biyu yana cinta, zafin fitsari ne ya sa take gudun ruwa, ana samunsa ga ƙananan yara, ga magani. Sai ta rage murya.

"Amma dole in tambaya. Akwai wanda ya taɓa ta a wurin?"

Mai babur ɗin da ke kai yarinyar makaranta ya faɗo wa uwar a rai, da mai shagon bakin layi, da gidan maƙwabta inda take barinta in ɗinki ya yi yawa. Nas ta durƙusa ta tambayi yarinyar a hankali. Mitsitsiyar ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, tana kallon ƙofa, inda kaka ke tsaye.

"Wannan wace irin tambaya ce ga 'yar shekara biyar?" in ji kakar. "Tun kakanninmu ba a wannan magana, kuma gidaje suka zauna lafiya. Kunya ce ta riƙe mutane."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji uwar, "gidajen ne suka zauna lafiya, ko yaran? Wa ya tambaye su? Manya ne suka ce a yi shiru, kuma in wani babba ya yi ɓarna, shirun nan shi yake wa amfani."

"Au, yau ni za ki koya wa tarbiyya?"

Uwar ta roƙi surukar ta ɗan jira a waje, ta tura ƙofa, ta zube a gaban 'yarta. Ta cire mata hannuwan daga baki. Sannan ta faɗi sunan wurin ƙarara, kalmar da ba ta taɓa furtawa da rana tsaka ba, har harshenta na sarƙewa.

"Nan ne ke zafi?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. "Ba za ki ɗalle ni ba?"

"Har abada. Faɗa min, 'yar albarka, wani ya taɓa ki?"

Yarinyar ta daɗe tana nazarin fuskar uwar, kamar mai neman amsar da ake so.

"Babu."

Uwar ta rungume ta. Ta so ta ji sanyi a ranta, sanyin ya ƙi zuwa. Ta yaya za ta gane ko wannan "babu" gaskiya ce, ko ladabin da ta koya mata ne? Nas ta ce a riƙa tambaya a hankali, kar a matsa mata. Suka fito da ledar magani, uwar na kallon kowane namiji a titi da idon zargi, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ke mai karanta wannan, da kai ma: ranar da yaronku ya yi tambayar da ta ba ku kunya, ku riƙe hannunku, ku amsa masa. In kuka rufe masa baki yau, ranar da za ku roƙe shi ya yi magana ba za ku san abin da za ku gaskata ba.