Jadawalin da Ya Zagaye Ofis

Khairunnisa ce ke kula da rumbun bayanai na wata ƙungiya mai yi wa shanu rigakafi a ƙauyukan masarautar Daura. A kwamfutarta, duk fitar da ma'aikata suka yi tana da layinta: sunan ƙauye, wata, da yawan shanun da aka yi wa allura. Aiki na tafiya lami lafiya, har ranar da shugaban ofis, Malam Sada, ya dawo daga taron bita a Katsina da sabuwar jaka da sabon ra'ayi.

Malam Sada da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta, yana laluben haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, amma bai taɓa rasa shawarar da zai ba wanda ya iya ba. Ya tsaya bayan kujerarta ya ce a wajen bitar ya ga an jera sunayen garuruwa a sama, watanni suna gangarowa ta gefe. Shi ma haka yake so a mai da nasu kafin Hajiya Madina, shugabarsu ta jiha, ta zo duba aiki.

Khairunnisa ta yi masa bayani a tsanake. Kafin layin kwance ya tashi tsaye, sai ta rubuta wa kowane ƙauye sharaɗinsa a cikin umarnin da take ba kwamfutar, kuma ƙauyukansu sun haura ɗari. Ta ce watanni ya kamata a ɗora a sama, tunda su ba su da yawa.

"Ke dai juya shi," in ji Malam Sada. "Ai kamar juya waina ne."

Ta kalle shi, ta kalli allon. Ta yini tana rubutu, ƙauye bayan ƙauye. Da sakamakon ya fito sai ga gari ɗaya ya tsaya gida uku, don ma'aikata wani ya rubuta Kongolam, wani Kwangwalam, wani Kongwalam. Ta ce bari ta haɗe su. Malam Sada ya hana, wai yawan gidajen shi ke nuna yawan aiki.

Da aka zo bugawa, jadawalin ya ƙi shiga takarda. Malam Sada ya aika kasuwa aka sayo gam, ya tuɓe babbar riga ya shiga manna takardu gefe da gefe. Suka cinye bangon gabas, suka rufe taga, suka kwana ta bayan kabad. Galibin gidajen fanko ne, don ba kowane wata ake zuwa kowane ƙauye ba. Khairunnisa na zaune cikin zafin da rufe tagar ya jawo, tana jiran ta ga yadda baƙuwa za ta yi da wannan shirme.

Hajiya Madina ta iso da rana tsaka. Ta tambayi shanu nawa aka yi wa allura a garin Babban Mutum a watan jiya. Malam Sada ya bi bango da yatsa, ya kai ƙarshe, ya dawo, daga bisani aka ja kabad aka samo garin a bayansa. Kafin nan Hajiya ta manta ta yi tambaya, tana can tana ɗaukar bangon hoto da waya.

"Wannan shi ne aiki, Malam Sada. Mutum na shigowa ya san ba zaune kuke ba."

Kafin sati ya zagayo umarni ya zo daga Katsina cewa duk ofisoshin ƙungiyar su bi tsarin Daura. Aka miƙa wa Malam Sada takardar yabo, ya sa ta a gilashi. Khairunnisa kuwa aka ce ta zaga ta koyar. Duk ofishin da ta shiga, bayan sallama, sai ta fara duba tsawon bangonsu.